Jirgin da Ya Wuce Bakin Pona

Shimulkathi, farkon watan Srabon, tsakar damina

Zuwa ga yayata Bubu Jobeda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Tofazzal, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Mizan, da matarsa Lutfa, wadda na san ita za ta karanta miki wannan takarda, ita kuma za ta rubuta amsa. Lutfa, ki ɗaga murya, surukarki abin da take so kawai take ji.

Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke riga gajimare sanin za a yi ruwa. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa, aikina biyu ne: ciyar da agwagi da kallon kogi. Agwagin suna ƙiba. Kogin ma haka.

Bubu, kogin Sandhya ya sake buɗe baki bana. Ya cinye kurmin gorar su Molla, ya cinye hanyar da muke bi zuwa makarantar allo, yanzu yana lasar gefen tafkinmu. In na tsaya gindin lemun tsamin da ke yi wa kabarin mahaifiyarki inuwa, ina jin gaɓa tana zubewa cikin ruwa, tim, tim, kamar ana sauke buhuna. Waɗanda suka san halinsa sun ce da wuya wannan gefen gidan ya ga wata damina. Gidan da kakanmu ya kafa, ubanki a ɗakin gabas, ubana a na yamma, yau ni kaɗai ne a cikinsa. Tun da Allah ya karɓi ƙaninki Hashmot da sanyin da ya wuce, matarsa ta koma wurin ɗanta a Barisal, ta bar mini mabuɗi da kyanwa.

Cikar ruwan nan ta tuna mini da Hashmot. War haka da tuni ya shafe jirginsa da kwalta, ya ɗaura masa labule, ya tafi ɗauko ki naiyor, wato ki zo gidan uba ki yi makonninki na damina kina ba mu umarni. Bai taɓa fashi ba, Allah ya jiƙansa. To ni abin da zan ce, gida gidanki ne, ƙofa a buɗe take. In kina son ganin wurin kafin kogi ya gama da shi, ki zo bana. Mizan ya sa ki a babban jirgin fasinja, ki sauka Banaripara, ba wuya.

Sai wani labari. Kin tuna Keramot tela, abokina tun muna yawo tsirara a bakin tafki? Idonsa ya daina ganin kafar allura, ya bar wa 'ya'yansa keken, ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai rumfar gora. Mun yanke shawara mu bi ruwa mu yi yawo, mu ga garuruwan da muka tsufa muna jin sunayensu a bakin fatake, mu jefa fatsa duk inda muka ga dama. Ya ce in zo da tukunya da laima, shi zai zo da hankali. Na ce madalla, ashe gefensa na jirgin ba zai yi nauyi ba.

Za mu tashi da zarar kwalta ta bushe. Ki sa mana albarka.

Ƙaninki,
Tofazzal

*

Golbunia ta Bhandaria, cikin Srabon

Zuwa ga ƙanena Tofa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Lutfa ta karanta mini, na sa ta maimaita wurin lemun tsamin. Mu nan duk lafiya. Mizan yana wurin injin shinkafarsa, Lutfa tana riƙe da ni kamar ƙwai. Ba abin da na nema na rasa a gidan nan, ka riƙe wannan da kyau.

Na gode da ka tuna da ni. Na gode da ka ce ƙofa a buɗe take. Ban taɓa zaton a rufe take ba. Babban jirgin fasinja kuwa, Allah ya ba masu hawansa lafiya. Ni tun ranar da aka kawo ni gidan nan da jan sari na amare ban taɓa yankar tikiti don zuwa gidan ubana ba, ban ma san tagar da ake sayarwa ba. Kada ka wahalar da kanka a kaina. Ruwa ya yi yawa, kai ma ba yaro ba ne, ga gwiwa.

Na fito da akwatina na shanya kaya. Saboda danshi ne kawai.

Batun yawonku, na yi dariya har na ƙware. Kai da ka faɗa tafki na jawo ka da gashi, da Keramot da ya ɗinka wa Hashmot rigar aure hannu ɗaya ya fi ɗaya, ku ne za ku bi kogi? To, Allah ya tsare kifayen daga mutuwar dariya. Ka rufe ƙirjinka da safe, kada ka sha ruwan kogi bai tafasa ba.

Wace hanya za ku bi? In kun gangaro kogin Kocha, ka sani ruwansa na da ƙarfi wajen bakin Pona, kogin namu. Hashmot yakan ɗaure ya jira ruwa ya ciko, sannan ya shigo. Daga nan zuwa mashiginmu ba nisa, kafin ya gama taunar ganyen pan ɗaya ya iso. Na faɗa ne don ka sani.

Yayarka,
Jobeda, da hannun Lutfa

*

Hularhat, ƙarshen Srabon

Bubu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Amsarki ta same ni ina ɗaure tukunya, na sa ta a aljihu muka tashi. Mu biyu lafiya lau, mun yi baƙi, mun rame, muna ta godiya ga Allah. Ina rubuta miki a kan bencin wani mai shayi, shi ya sa kika ga zoben kofi a takardar.

Ki kwantar da hankalinki, mu ba ma tuƙi, ruwa ke tuƙa mu. In ya janye mu bi shi kudu, in ya ciko mu ɗaure a gindin bishiya mu yi barci. In jirgi mai inji ya zo wucewa, Keramot ya ɗaga furfurarsa ya yi fuskar tausayi, sai su jefo mana igiya su ja mu. Bubu, ashe tsufa ma jari ne.

A bayan Swarupkathi muka shiga ƙananan rafuka inda ake cin kasuwar gwaiba a kan ruwa. Jirgi na gogar jirgi, kowanne shaƙe da kore, ba ka ganin ruwa sai gwaiba. Kowa sai ya miƙo mana, “Kaka, ɗanɗana tawa.” Keramot bai ƙi ta kowa ba, wai kada ya ɓata wa mutane rai. Washegari muka wuni a ɗaure kusa da wani kurmi, shi yana shiga yana fita, ni ina gadin jirgi. Na ce, “Ina hankalin da ka ce za ka zo da shi?” Ya ce, “Malam, bari sai na dawo.”

A Kaukhali na ga masu saƙa tabarmar sanyi, irin wadda mahaifiyarki take shimfiɗa mana da zafi. Na tsaya kallon hannun wata tsohuwa har ta ce, “Saye za ka yi, ko aure kake nema?” Na ce wanne ya fi araha? Ta jefe ni da ɓawon kwakwa.

Kamun kifi kuwa, kada ki tambaya. Na wuni da fatsa na kama kifi ɗaya, wanda in aka ɗora shi a cokali sai a ga sauran wuri. Keramot ya dube shi ya ce, “Mai da shi, uwarsa na nemansa.” Sai muka sayi kifin ilish a hannun masunta, na dafa shi da shinkafa da wake a tukunya ɗaya, ruwa na dukan rumfa, muka ci da hannu muna kallon kogi ya koma fari fat. Na daɗe ban ci abin da ya shiga jikina haka ba. Tun rasuwar matata Hosne ban san ina jin yunwa ba sai ranar.

Mun kuma tarar da tseren jirage a nan Hularhat. Dogayen jirage, matuƙa jere kamar haƙoran matsefi, mai kuge a tsakiya yana ba su waƙa. Keramot ya zaɓi jirgi mai jan kai don kawai yana son launin, ya yi ta ihu har hularsa ta faɗa ruwa. Jirginsa ya zo na ƙarshe. Hular ma ta riga shi isa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa jiragen naiyor ne. Kogi cike da su. Ɗaya ya wuce mu daf da daf, an lulluɓe rumfarsa da shuɗin sari, uban yana zaune a baya da laima da tarin kwakwa, yana ta hura hanci kamar ya ɗauko sarauniya. Yarinyar ta ɗaga labule tana leƙen gaɓa, tana neman bishiyoyin garinsu. Na ce da Keramot, “Allah sarki, kamar Bubu.”

Shekaranjiya mun gangara Kocha har inda ya yi faɗin da ya ba mu tsoro, muka juyo. Mun wuce bakin Pona zuwa da dawowa. Yadda kika faɗa haka yake, ruwan na da ƙarfi. Keramot ya ce, “Ba ma shiga mu gai da yayarka?” Na ce a'a, ta ce da bakinta kada in wahalar da kaina, kuma ka san Bubu ba a saɓa mata. Ga mu buɗu-buɗu da laka, mu faɗa wa mutane gida ba sanarwa? Sai na miƙe tsaye na yi miki sallama daga tsakiyar ruwa. Ban sani ba ko iska ta kawo miki.

Daga nan za mu bi ta Jhalokathi, ba ma sauri. In kin sa ranar zuwa ki rubuta mini gida.

Ƙaninki mai godiya,
Tofazzal

*

Golbunia, farkon watan Bhadro

Tofa,

Sallama. Muna lafiya, muna fatan kana lafiya. Na ji labarin gwaiba da hula. Na gode wa Allah da ya buɗe maka ciki, wannan ya fi komai yi mini daɗi, Hosne ma da ta ji da ta yi murna.

Sallamarka ba ta iso ba. Wataƙila iskar ranar kudu ta yi.

Na gode da ka bi maganata ba ka wahalar da kanka ba. Tun kana yaro ban taɓa faɗa maka abu ka bi ba sai wannan. In ka koma gida, ka tsinko lemu ɗaya daga bishiyar nan ka ajiye mini, ko ya bushe. Ka karanta wa mahaifiyata Fatiha, ka ce daga Jobeda.

Yayarka,
Jobeda

Mamu, wannan daga ni ce, Lutfa. Surukata ba ta san na ƙara ba, ta tafi alwala. Kai kawun mijina ne, ka yafe mini in na yi rashin kunya.

Akwatin nan ba don danshi aka fito da shi ba. Tun da Srabon ya kama yake ɗaure a bakin ƙofa. Kullum ruwa ya ciko sai ta ɗauki kujerarta ta tafi mashigi, wai shan iska. Ranar da na karanta mata cewa kun wuce bakin Pona, ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ci abincin rana ba.

Mizan ya ce zai kai ta da kansa, ta ce ita ba buhun shinkafa ba ce da za a aika. Ta ce 'ya mace ba ta kai kanta gidan uba, gidan uba ne ke zuwa ya roƙe ta, in ba haka ba duk Golbunia za a ce ba ta da kowa. Kuma ba za ta ce maka ka zo ba, tunda da hannuna ake rubutawa, kada in zaci ta gaji da mu ne. Wallahi Mamu ban zaci haka ba. Ni ma ubana ke zuwa ɗaukata, na san yadda ake jin ƙarar jirgi a mashigi. Mamu Hashmot ya tafi. A gidan nan naku wa ya rage mata?

*

Golbunia, tsakiyar Bhadro

Tofa,

Sallama. Mu lafiya. Kai ne ba mu san halin da kake ciki ba. Masinjan gidan waya ya wuce ƙofarmu ya fi a ƙirga, ba komai daga gare ka.

Yarinyar nan ta faɗa mini abin da ta ƙara a ƙasan takardata. Na yi mata faɗa har ta yi kuka, ga shi yanzu ita ce ke rubuta cewa na yi mata faɗa. Ban aike ta ba. In maganarta ce ta sa ka ji kunya ka yi shiru, ka manta da ita. In tawa ce ta yi maka zafi, ka san bakina tun ba yau ba. Kai ɗan baffana ne, ba a ɗora maka wannan kaya ba, ba wanda zai zarge ka. Kuma kada ka kuskura ka zo don tausayi, ba na hawa jirgin tausayi.

Na kwance akwatin, na mai da kaya wurinsu. Magana ta ƙare.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. An ce iskar makon jiya ta kifar da ƙananan jirage wajen Jhalokathi. Tsofaffi biyu, ɗaya ba ido, ɗaya ba gwiwa. Tofa, na riga na ba kogi gidan ubana a raina, amma kai ban ba shi ba. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Yayarka,
Jobeda

*

Kasuwar Bhandaria, ranar Laraba

Bubu,

Sallama. Ina raye, Keramot ma yana raye, har ya sayi sabuwar hula. Wannan takarda ba ta gidan waya za ta zo ba, na ba wani mai sayar da pan ɗan garinku, ya ce kafin la'asar tana hannun Lutfa.

Iskar ta same mu a ɗaure a Jhalokathi, a gidan wani tsohon ɗalibina da ya ƙi barinmu mu tafi. Muna can muna cin kaji, takardunki biyu suna gida wurin maƙwabta suna jirana. Ranar da na koma na karanta su a tsaye a tsakar gida. Kafin in kai ƙarshen ta Lutfa na sami kaina zaune a ƙasa, agwagi na kewaye ni.

Bubu, na yi shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ashe ni wasiƙa ɗaya ban iya karantawa ba. Kin ba ni hanya, kin ba ni lokacin shigar ruwa, saura kawai ki zana mini taswira, ni kuwa na tsaya a tsakiyar kogi ina yi wa iska sallama. Kullum Hashmot ke tafiya, ni nawa in tsaya a mashigi in karɓi akwati. Ban lura layi ya iso kaina ba. Gidan da ba mace, ba mai zungurar mutum ya ce tashi, wata ya kama.

Ban rubuto ba don na ga takarda ta yi ɓarnar da ta isa. Mun sake shafe jirgi da kwalta. Na buɗe akwatin Hosne na ɗauko koren sarinta, Keramot ya ɗinka labule da lalube. Gefe ɗaya ya fi ɗaya, kin san aikinsa. Na zo da pan, da kwakwar gida, da 'ya'yan giginya, da ilish biyu, da kayan zaƙi na Mizan, don in roƙe shi aron uwarsa yadda ake yi.

Ba tausayi ya kawo ni ba. Wa ya isa ya tausaya miki? Gidanmu na Hawlader ne ya zo ɗaukar 'yarsa, kuma ni kaɗai na rage a gidan, sai ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Gobe da hantsi in ruwa ya ciko za mu shigo Pona. Zan sa farar riga, in riƙe laima, in yi tafiya a hankali daga mashigi don duk Golbunia su gani. Ki ƙi sau ɗaya, ki ƙi sau biyu, haƙƙinki ne. Amma don Allah kada ki zarce, ruwa zai janye ya bar mu a laka.

Lutfa, Allah ya yi miki albarka. Ɗaure akwatin.

Tofazzal

*

Shimulkathi, ƙarshen Bhadro

Zuwa ga 'yata Lutfa,

Sallama, da gaisuwa gare ki da Mizan. Ina lafiya, ina cin abinci kamar mai noma. Tofa ke rubuta mini, na ce ya rubuta abin da na faɗa kawai. (Haka nake yi. T.)

Kin ga yadda muka rabu, kina dariya kina kuka, matar liman tana leƙe ta katanga. To ba mu zo kai tsaye ba. Da muka fito Kocha na ɗaga labule na ce, ku da kuka yi wata kuna yawo, ni ce za ku kai gida kamar marar lafiya? Duk inda kuka tsaya sai na tsaya. Shekara da shekaru ina wuce garuruwan nan a bayan labule, Hashmot ba ya tsayawa, wai kada dare ya yi. Sunayensu kawai na sani.

Na sha shayi a Hularhat a kan bencin nan, ni da farin sarina a tsakiyar maza, ba abin da ya faɗo daga sama. A Kaukhali na sa aka kai ni wurin tsohuwar da ta jefi Tofa, na ce mata ta yi daidai. Na saya miki tabarma a wurinta, mai jan baki. Gwaiba ta kusa ƙarewa, amma mun samu, na ƙayyade wa Keramot biyu.

A wani rafi na ce a ba ni fatsar. Suka dubi juna. Na ce kafin a haife ku nake kama kifi a tafkin ubana. Kafin azahar na cika ƙwarya. (Rabin ƙwarya. T.) Keramot ya ce, “Bubu, da mun san haka da tun farko ke muka ɗauko, mu bar malam ya yi gadin agwagi.” Na tsinki bado da hannuna, ruwa ya jiƙa ni har kafaɗa. Lutfa, rabon da in yi dariya irin ta ranar tun ina da baƙin gashi.

Da muka shigo Sandhya ban gane gaɓar ba. Inda na san bishiyoyi, ruwa ne. Sai da na hango kwanon ɗakin gabas. Tofa ya riga ni sauka, ya miƙo hannu ya ce, “Sauko, 'yar gida.” Haka ubana yake cewa. Ban san ya riƙe ba. (Ina tsaye a mashigi kowace shekara, kunne gare ni. T.)

Lemun tsamin yana nan. Tsakaninsa da ruwa bai fi tsawon gora ba. Kullum da safe nakan je in zauna wurin mahaifiyata, in karanta abin da na iya, in ba ta labarinku. Na gaya mata Allah ya ba ni suruka mai rashin jin magana, kuma na gode masa. Faɗan da na yi miki, ki zubar da shi a rafi. Da kin ji maganata, da ban ga wurin nan ba.

Na yi wainar giginya a murhun uwata, na raba wa maƙwabta, waɗanda suka san ni da waɗanda sai an ce musu 'yar wane ce. Na share ɗakin Tofa, abin da na fitar kada ki tambaya. (Littattafai ne. T.) Na sa ya daddatse reshen lemun mun dasa a tukwane biyu, ɗaya nasa, ɗaya zan zo da shi. Ki nema masa wuri bayan madafa, inda akuya ba ta kaiwa.

Ki ce wa Mizan kada ya zo ɗaukata. Wanda ya ɗauko shi ke mayarwa.

Uwarki,
Jobeda

*

Shimulkathi, watan Kartik, bayan damina

Bubu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin huta gajiya, tabarma kuma ta yi wa Lutfa. Ni lafiya, gwiwa ta yi shiru tunda ruwa ya ɗauke.

Gara ki ji daga bakina. Da ruwa ya fara janyewa, gaɓar ta tafi. Da rana tsaka ne, ina tsaye. Lemun ya karkata a hankali kamar mai ruku'u, sai ƙasar ta bi shi, da tafkin, da inda kike zama da safe. Na karanta Fatiha, na ce daga Jobeda, na ce daga Tofa. Ban yi kuka sosai ba. Abin da na yi ta faɗa a raina shi ne, alhamdu lillahi ta gani, ta zauna, ta yi sallama da bakinta, ba daga tsakiyar ruwa ba.

Maƙwabta sun taya ni mun kwance ɗakin gabas, kwano da ginshiƙai, mun kafa shi can ciki kusa da gonar Keramot. Na yamma na bar wa kogi, dama yana yoyo. Ƙofar ita ce dai wadda kika sani, da tabon da kika yi mata da lauje. Na dasa lemuna a gabanta, ya fitar da ganye. Yaya naki?

Keramot yana gaishe ki, ya ce ki faɗa masa abin da kike sawa a ƙugiya, wai ba don kansa ba. Mun kife jirgi a inuwa. Labulen na wanke na ninke, na mai da shi akwatin Hosne, a sama, inda hannu zai kai.

Akwai wani rafi bayan sabon wurin, yana fita Sandhya. Na gwada shi, jirgi na wucewa.

Wannan karon ban ce ƙofa a buɗe take ba, ban ce ki zo ba, ba kuwa zan ƙara cewa ba. In Srabon ya kama, ki fito da akwati ki shanya kaya. Saboda danshi.

Ƙaninki,
Tofa